Yadda muka koya wa yara tsara labarin kasada mai jan kunne

Yaro ɗan shekara 9, in aka ce ya rubuta labarin wanda aka ja wa kunne ya ƙi ji, ba ya rasa abin faɗa. Hanyar bi yake rasawa. Zai ƙarar da rabin shafi a kan tashi daga barci da wanke fuska da neman takalmi, ya shigar da jaruminsa daji a layi biyu, zaki ya cinye shi a layi ɗaya, sannan ya rufe da "tun daga ranar bai ƙara ba", alhali wanda ake maganar yana cikin cikin zaki. Wannan ya sa muka ajiye rubutu gefe, muka ba tsarawa kaɗai zama 4, kowanne minti 40, tare da yara 'yan shekara 8 zuwa 11. Ba a buɗe littafin rubutu ba sai da kowa ya iya faɗin labarinsa da baki daga farko har ƙarshe.

Kayan aikin ba su da yawa. Kowane yaro ya samu farar takarda guda, ya ninke ta biyu a tsaye, ya ja layi 4 a kwance, ta ba shi gidaje 5 a hagu da 5 a dama. Sai ƙananan katuna uku-uku, da fensir, da abin gogewa. Biro mun hana. Yaron da ya cike gidajensa da biro gani yake ya gama aiki, in ka nuna masa inda ya karkace sai ya tsaya kare abin da ya rubuta domin ba ya son takardarsa ta yi datti.

A zama na farko mu muka yi magana. Mun shirya labarin samfuri namu na kanmu, gajere, kalma 350 ko kusa da haka, wanda ake faɗa cikin minti 3. Tanko da ƙanwarsa Ladi ne, kakarsu ta ce kada su kusanci tsohon ramin da aka haƙi dutse, domin gaɓarsa tana zaftarewa bayan ruwan sama. Ƙwallon da Tanko ya aro ta gangara can. Ya bi ta, ƙasa ta zame da shi, ya maƙale a kan wani ɗan tudun dutse, ruwa a ƙasansa. Ladi ta ruga wurin mai gadin da suka gaisa da shi a hanya, ya zo da igiya. Tanko ya koma gida da targaɗe, babu ƙwallo, kuma mai ita yana jiransa a ƙofa. Mun faɗi labarin sau biyu ba tare da takarda a hannu ba. Karon farko saurare kawai. A na biyu muka ce duk inda suka ji labari ya juya su ɗaga hannu, kuma ba tare da an koya musu komai ba hannaye suka tashi a wurare huɗu da muke so: inda ƙwallo ta gangara, inda ƙasa ta zame, inda Ladi ta ruga, inda aka iso gida. Juyi huɗu ke raba labari gida biyar.

Daga nan aka cike gefen hagu da abin da ya faru, gefen dama kuma da ƙashin abin, wato abin da zai saura in an cire sunaye da wurare. "Kaka ta ce kada a je ramin dutse" ya koma "babba ya gargaɗi yara game da wani wuri". Wannan ne mataki mafi wuya a ranar. Yaro yakan maimaita jimlar hagu a dama da ɗan canjin kalma. Abin da ya buɗe musu kai shi ne tambayar nan: in mun cire kaka, wa zai iya tsayawa a wurinta? Suka ce yaya, malami, direba, har da allon da aka kafa a bakin hanya. To duk waɗannan mene ne sunansu a dunƙule? Mai gargaɗi. A ƙarshen zama allo ya nuna gidaje biyar: gargaɗi, abin da ya ja jarumi ya ƙetare shi, haɗari, ceto, komawa gida da abin da ya sauya.

Dabarar rarraba labari gida-gida ba tamu ba ce. Pie Corbett na Ingila, wanda ya fito da tsarin koyarwa na Talk for Writing, ya yaɗa ta a makarantun firamare, kuma labarin gargaɗi yana cikin nau'o'in labaran da tsarin ke amfani da su. Tun kafin shi, a 1928, Vladimir Propp na Rasha ya nazarci tatsuniyoyin ƙasarsa kimanin 100, ya fitar da matakai 31 da suke bi. Uku na farko su ne: wani ya bar gida, an kafa wa jarumi doka, an karya ta. Na farkon nan ya yi mana amfani fiye da yadda ake tsammani, domin yara sukan manta su kawar da babban daga wurin. Sai ka ga uwa ta yi gargaɗi, yaro ya nufi haɗari, ita kuwa ba a faɗi inda ta shiga ba. Muka ƙara ɗan layi a gida na farko: ina babban ya tafi?

A zama na biyu ba mu fara da gida na ɗaya ba. Da na uku muka fara, kuma wannan juyin shi ne abin da ya fi gyara tsare-tsarensu. In yaro ya fara da gargaɗi, abin da ya saba ji zai rubuta, "kada ka fita", "kada ka yi nisa", daga baya ya rasa haɗarin da zai dace da shi. In kuwa ya san abin da zai faru, gargaɗin yakan zo da kansa.

Mun ba su minti 5 su lissafa wurare masu haɗari, aka rubuta a allo: tsohuwar rijiya, ginin da ba a ƙarasa ba, layin dogo, bakin dam, kogo, gada mai ruɓaɓɓen katako, ɗakin da aka kulle. Kowa ya zaɓi ɗaya ya rubuta a katinsa na farko. A bayan katin kuma ya amsa tambaya guda: mene ne takamaiman abin da wannan wuri zai yi wa mutum, wanda wani wurin ba zai yi ba? Rijiya tana da murfi da zai karye da bangon da ba ya hawuwa. Dam yana da ruwan da ake saki ba zato. Kogo yana da hanyoyi masu kama da juna, da duhu in fitila ta mutu. Wanda ya rubuta cewa a ginin da ba a ƙarasa ba ɓarayi suka sace jaruminsa, mun tambaye shi ko ɓarayin ba za su iya sace shi a ƙofar gidansu ba. Ya ce za su iya. To ginin bai yi aikin komai ba ke nan. Ya koma ya samo bene marar shinge da tsanin da ya faɗi bayan an hau.

Don su gane bambancin, mun ba su labarai biyu daga littafin da Heinrich Hoffmann, wani likita a Frankfurt ta Jamus, ya wallafa a 1845, bayan ya rubuta shi don ɗansa ɗan shekara 3. A ɗaya, yarinya ta yi wasa da ashana bayan an hana ta, rigarta ta kama da wuta. A ɗayan, yaro yana tsotsar babban yatsa, sai wani tela ya faɗo ɗakin da ƙaton almakashi ya datse masa yatsun. Muka tambaya wanne ne zai iya faruwa ko da babu wanda ya gani. Ba a yi gardama ba. Wuta daga cikin ashana ta fito, shi kuwa tela daga waje aka kawo shi don ya hukunta. Labarin tela yana tsorata ƙaramin yaro, amma ɗan shekara 10 dariya yake yi masa, domin ya san babu telan da zai zo. Dokar da muka rubuta a saman allo ta zauna har ƙarshen aikin: abin da zai sami jarumi ya fito daga cikin abin da aka hana shi.

Akwai masu son dodo da aljani da ƙofar sihiri, kuma ba mu hana ba. Sharaɗi ɗaya muka sa, dodon ya zama yana da ƙa'ida. Yana farkawa in an kunna fitila, ko in an ɗauki wani abu daga wurin, ko in an kira sunansa. Da zarar ƙa'idar ta samu, gargaɗi ya samu, kuma sau da yawa hanyar kuɓuta ma ta samu. Dodo marar ƙa'ida kuwa bin mutum kawai yake yi har takarda ta ƙare.

Kati na biyu na gargaɗi ne, kuma mun ce a rubuta shi da ainihin kalmomin mai faɗa, jimla ɗaya ko biyu, da sunan wurin a ciki. "Ku yi hankali" bai isa ba. "Ladi, kada ku hau gadar nan, katakon tsakiya ya ruɓe" ya isa. Ga manyan ajin muka nuna wata dabara. A labarin yarinya mai jar hula kamar yadda 'yan'uwan Grimm, masu tattara tatsuniyoyi na Jamus, suka buga shi a 1812, uwa ta ce kada ta kauce hanya don kada ta faɗi ta fasa kwalbar da za ta kai wa kakarta. Ba ta ambaci kyarkecin da daga baya ya haɗiye yarinyar da kakarta ba. Dalilin da aka bayar ya fi ainihin haɗarin ƙanƙanta, shi ya sa yarinyar ta ga za ta iya kaucewa ta kiyaye kwalba. Wasu daga cikin yaran sun kama wannan nan take, mai gargaɗinsu ya faɗi rabin dalili, ko ya ce "kada ka tambaye ni" yana sauri. Ga ƙananan kuwa mun bar gargaɗi da haɗari su yi daidai da juna, ba ragi ba ƙari.

Zama na uku kusan rabinsa ya tafi a gida na biyu, kuma ya cancanta. Tambayar ita ce me ya sa jarumi ya je. Amsar farko da aka fi bayarwa: saboda ba ya jin magana. Wannan amsar tana kashe labari ta hanya biyu. Mai karatu ba ya damuwa da yaron da aka ce masa mara ji ne tun a layin farko, jira kawai yake a hukunta shi. Sannan mai rubutun da kansa ba ya ganin kansa a ciki, don haka gargaɗin bai shafe shi ba, na wani ne can. Wanda bai ji bari ba zai ji hoho, gaskiya ne, amma labarin ba ya ratsa mutum sai in shi ma ya ji cewa da shi ne a wurin da ya je.

Gwajin da muka yi mai sauƙi ne. Yaro ya karanta dalilinsa daga kati na uku, aji ya rufe ido, wanda ya san shi ma zai je ya ɗaga hannu. Rufe idon yana da muhimmanci, in ba haka ba kowa zai nuna shi na kirki ne. "Don yana son ganin ciki" ya samu hannu kaɗan. "Don ɗan kyanwarsa na kuka a ciki" ya ɗaga kusan ajin duka. Dalilan da suka yi ƙarfi iri huɗu ne: an rasa wani abu mai daraja, musamman na aro; abokai sun zuga shi yana jin kunyar a ce matsoraci ne; dare ya kusa kuma hanyar yanke ta nan take; ko ya ji wani na neman taimako. Na ƙarshen nan yana buƙatar kula, domin wani lokaci yakan mai da ƙetare gargaɗin abin yabo. Wata yarinya ta tambaya, "Malam, in ya je ceton ƙaninsa ne, laifi ya yi?" Tambayar ta fi amsar da za mu iya bayarwa a tsaye, sai muka mayar wa aji, suka yanke cewa zuwan ba laifi ba ne, tafiya shi kaɗai ba tare da ya faɗa wa kowa ba ita ce kuskuren. Ta gyara katin gargaɗinta ya koma "kada ka taɓa zuwa kai kaɗai".

A nan ne kuma muka ƙayyade yawan mutane: jarumai biyu, mai gargaɗi ɗaya, mai ceto ɗaya. Jarumai biyun su bambanta, ɗaya mai kutsawa, ɗaya mai ja da baya. Amfanin wannan ba kaɗan ba ne. Gardamarsu a bakin wurin ita ce hirar labarin, mai ja da bayan yana maimaita gargaɗin ba tare da babba ya dawo ba, kuma in abu ya faru akwai wanda zai ruga neman taimako. Masu son saka abokansu bakwai duka, daga gida na uku ake nemansu a rasa, biyar sun ɓace ba bayani. Sunan ɗan aji kuma mun hana sawa, ko da da yardarsa, don kada a wayi gari wani ya jefa wanda suke gaba da shi cikin rijiya a takarda.

Gida na huɗu yana da cututtuka biyu sanannu. Na farko, "sai ya farka, ashe mafarki ne". Mun haramta shi tun kafin a fara, domin in mafarki ne babu abin da aka biya. Na biyu, mai ceto da ya faɗo daga sama: helikwafta, ko wani bawan Allah da ya ratso da igiya daidai lokacin. Maganinsa shi ne a ja kibiya daga gida na huɗu zuwa gida na ɗaya ko na biyu. Duk wanda zai yi ceto, ko duk abin da za a yi ceton da shi, sai an riga an gan shi a baya, ko da a layi ɗaya ne. In mai gadi ne, an gaisa da shi. In usur ne, an ga jarumi yana wasa da shi. Wanda kibiyarsa ba ta da inda za ta sauka sai ya koma ya shuka abin. Mun kuma nemi jarumin ya yi wani abu da kansa kafin taimako ya iso, ya yi ihu, ya cire riga ya ɗaga, ya daina motsi don kada ƙasa ta ƙara zamewa. Sannan a sa wani abu da ke ƙure lokaci, ruwa na hawa, ko hasken tocila na raguwa, ko an ji jiniyar jirgi daga nesa. Layi ɗaya ne a tsari, amma shi ke hana gida na uku zama "ya faɗa, aka fito da shi".

Batun mutuwa ya taso, dole ya taso. Mun faɗa musu cewa a labarin mai jar hula da Charles Perrault ya buga a Faransa a 1697, kyarkeci ya cinye yarinyar, labari ya ƙare a nan, sai nasiha a baitoci. Maharbin da ya farka cikin kyarkeci ya fito da ita da kakarta, a na Grimm yake. Ke nan duka hanyoyin biyu tsofaffi ne. Amma a wannan aikin mun ce jarumi ya rayu, saboda dalili na sana'a: in ya mutu, gida na huɗu da na biyar sun tafi, kuma su ne yara suka fi buƙatar koyon ginawa. A madadin mutuwa, sai ya biya wani abu da ba ya dawowa. Ƙwallon aro, ko keke, ko wasan ƙarshe da ya rasa saboda ƙafa a ɗaure, ko yardar da aka yi masa ta fita shi kaɗai.

Abu biyu muka tsare a gida na biyar. Da yawa sun rufe da duka, wasu da doguwar nasiha. Dukan ya dawo da telan nan ta bayan gida, hukunci daga waje ya danne darasin da rami ya riga ya bayar. Nasihar kuwa maimaita gida na ɗaya ce da ƙarin kalmomi. Mun ba mai gargaɗi jimla ɗaya tak in ya ga yaran sun dawo, ko ma ya yi shiru ya ɗauko ruwan wanke ciwo. A maimakon "ya koyi darasi", mun nemi a nuna abu ɗaya da jarumi ya yi washegari wanda da ba zai yi ba. Wani ya sa jaruminsa ya je da guduma ya ƙara kafa allon da ya faɗi a bakin dam.

Ɗan tsokaci ga mai koyarwa: irin wannan aikin yakan fito da abin da ke damun yaro a zahiri. In tsari ya zo da bayani filla-filla na cutarwa da ya wuce hasashen mai shekarunsa, kada a karanta shi a gaban aji. A keɓe da shi a natse, a bi hanyar da makaranta ta tanada don kare yara.

Zama na huɗu na gwaji ne. Kafin a fara mun sa iyaka, kada gida ya wuce kalma 12. Masu saurin rubutu sukan fara zuba labarin duka a gida na ɗaya da ƙananan haruffa, su gaji kafin na uku, daga baya su kwafe shi zuwa littafi suna ganin sun yi aiki biyu a banza. Waɗanda rubutu ke yi wa nauyi kuwa zane suka yi a gidajen, da kalma biyu ko uku a ƙarƙashi. Wanda ya kasa ƙirƙiro komai daga tushe, mun bar shi ya riƙe labarin samfuri ya canza wuri kawai, kuma canza wurin ya tilasta masa canza haɗari da gargaɗi da ceto ba tare da ya lura ba.

Aka zauna bibbiyu. Ɗaya ya ba da labarinsa da baki cikin minti 2 yana ɗora yatsa a kan gidan da yake, ɗayan ya saurara, sannan ya amsa tambayoyi uku: me aka hana, me ya sa ya je, me ya rasa. In mai saurare ya kasa amsa ɗaya, gidan nan ne ke da rauni, ba sai malami ya faɗa ba. Muna zagayawa muna sauraren kalmar da ke haɗa gidajen. Wanda ke cewa "sai kuma, sai kuma" jera abubuwa yake yi. Mun sa shi ya sake faɗa, amma tsakanin kowane gida da na gabansa ya sa "saboda haka" ko "amma". Inda kalmar ta ƙi shiga, nan zaren ya tsinke. Yawanci tsakanin gida na biyu da na uku ne, an isa wurin, sai wani haɗari ya auku wanda bai da alaƙa da abin da jarumin ya taka ko ya taɓa. Bayan gyara aka canza abokin zama aka sake faɗa, domin na farko ya riga ya san labarin, yana cike giɓin da kansa.

Da aka zo rubutu, mun raba kalma 400 a kan gidajen: 60 ga gargaɗi, 100 ga abin da ya ja shi, 120 ga haɗari, 80 ga ceto, 40 ga komawa gida. Ba a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, layuka ake aunawa, amma ganin lambobin a gefen takarda ya isa ya nuna wa yaro inda zai daɗe da inda zai wuce da sauri. Gida ɗaya ko biyu ake rubutawa a zama guda, takardar tsari a buɗe a gefen hagu. An yarda a canza ra'ayi a tsakiyar rubutu, da sharaɗin a fara gogewa a tsari kafin a taɓa littafi. Wanda ya canza gida na uku kuma dole ya ɗauko katin gargaɗinsa ya sake karantawa, domin an samu wanda kakarsa ta hana shi zuwa rijiya, aka tsamo shi daga kogi.